Ban da farar riga da tattaki, me talaka zai yi unguwa ta zauna lafiya?

Telan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'ar zango, na gida da na waje. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, ƙasar Ghana. Limamin masallacin layinmu ya ce a kafa ɗan kwamitin zaman lafiya, ya kuma sa sunana ba tare da ya tambaye ni ba, wai don shagona matattarar samari ne. An ce kowa ya zo zama na gaba da abin da yake ganin za a yi.

To ni abin da na saba gani shi ne na lokacin zaɓe. A buga fararen riguna a raba, a yi tattaki da ganga har Kejetia, a ɗauki hoto, a sha ruwan leda, kowa ya kama gabansa. Ni kaina ina ɗinka ƙyallayen da ake ɗagawa, ana biyana, ban raina ba. Manya kuma su sa hannu a takarda. A 2012 a garin nan 'yan takarar shugaban ƙasa suka sa hannu a gaban Otumfuo, Sarkin Asante, cewa ba za su tada fitina ba, kuma tun daga nan duk zaɓe sai an yi irin wannan. Amma a 2020 ai an rasa rayuka a Techiman, ga takarda tana ajiye.

Tambayata a kan ƙananan mutane ce. Wanda ba sarki ba, ba limami ba, ba ɗan majalisa ba: mai koko, direban pragya (keke mai ƙafa uku), ɗan makaranta, tsohuwa a tsakar gida. Me zai yi da hannunsa ranar Talata da rana tsaka, ba zaɓe ba kyamara? Don Allah kada a ce min zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, wannan mun haddace tun muna makarantar allo. Abin yi nake nema, wanda wani ya gwada ya ga amfaninsa.

Baba Mai Goro:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa sana'a albarka.

Ina yaro lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi a watan Nuwamba na 1969, aka ba wanda ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa. Zango ya watse. Mutane suka yi ta sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na goro ƙwarya ɗaya ba, wasu kuwa an haife su a nan, ba su taɓa ganin Kano ko Ilori da idonsu ba. Ƙanin mahaifina yana cikin waɗanda suka tafi. Wani Batone, wato mutumin Asante, da yake kawo masa goro daga daji shi ya karɓi makullin rumfarsa, ya riƙe, yana zuba wani abu daga cinikin a gwangwani. Da ƙura ta lafa baffana ya dawo, mutumin ya miƙa masa makulli da gwangwanin. Ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba. Amma baffana ya je jana'izar uwar mutumin nan har ƙauyensu, ya zauna cikin rana da baƙin yadi kamar kowa, ya ba da gudummawarsa aka faɗi sunansa. Saboda haka abu na farko da zan ce maka: ku riƙa zuwa mutuwar maƙwabtanku. Ba sai ka sha abin da suke sha ba, ba sai ka yi abin da addininka ya hana ba. Ka je, ka gaisa da dangi daga dama zuwa hagu yadda suke yi, ka ajiye sidi ashirin ɗinka, ka tashi. Mutanen Asante ba sa manta wanda ya zo musu mutuwa.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna da yaran yanzu. Idan aka rugo aka ce maka "Batone ya mari Bahaushe", kada ka tashi. Ka ce wane ne ya mari wane? Ɗan gidan wa? A kan me? Sau da yawa za ka tarar karen mota ne da fasinja a kan canji. Muddin maganar tana da sunan mutum biyu, dattijo ɗaya ya isa ya kashe ta. Da zarar an cire sunayensu an sa na ƙabila, ta fi ƙarfin dattijo goma.

Ku da ba ku ga 1994 ba, ku tambayi Dagombawan da ke cikinmu. Ana ce masa yaƙin zabo, don a kan cinikin zabo faɗan ya fara a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, tsakanin mutumin Konkomba da na Nanumba. Amma ba zabo ne ya ƙone ɗaruruwan ƙauyuka ba, ba shi ne ya ci rai fiye da dubu ba. Maganar ƙasar noma ce da sarauta da aka daɗe ana dannewa, zabo ya zo ya taka. Sai a 1996 aka sa hannu a kan sulhu, a nan Kumasi. Na ga matan da suka gudo da yara a goye, wasu a masallacinmu suka kwana. Kai ma ka duba layinku, me ake dannewa? Iyakar fili ce, kwata ce da ke malala ƙofar wani, ko limanci ne? Na Old Tafo a 2016 ai katangar maƙabarta ce, har aka rasa rai aka sa dokar hana fita. Katangar nan ba rana ɗaya aka fara gardamarta ba.

Wani abu kuma da nake ganin yana ɓacewa, wasan taubasai. Bafulatani da Babarbare, Dagomba da Mosi, Frafra da Dagati. Da can idan mutum biyu suka kaure a kasuwa, abokin wasa ake nema ya shiga tsakani, ya zagi wannan ya zagi wancan, a bushe da dariya, a watse. Jikokina ba su ma san su wa ne abokan wasansu ba.

Mma Magajiya, Sawaba:

'Yata ce ke rubuta min, ni ina faɗa.

Alhaji ya yi maganar maza, ta kasuwa da ta jana'iza. Ni bari in shigar da ku tsakar gida, don a can ake ƙulla mafi yawan abin da kuke zuwa kwancewa a ƙofar masallaci.

Gidanmu na haya ne, ɗaki goma sha biyu, mita ɗaya, famfo ɗaya, bayi ɗaya. Akwai Hausawa, akwai Mosi, akwai Kusasi da Mamprusi, kun kuwa san rikicin sarautar da ke tsakanin waɗannan biyun a garin Bawku, ga wata 'yar Asante mai zuwa coci da 'ya'yanta. Ɗana tela, ka san abin da ya fi kawo gaba a gida irin wannan? Kuɗin wuta. Wannan ta ce waccan tana guga da dare, waccan ta ce ai ke kina da firji. Sai na sayi littafi na 'yan makaranta. Kowane ɗaki da shafinsa: ƙwan wuta maki ɗaya, fanka biyu, talabijin biyu, firji huɗu, dutsen guga uku. Ranar da za a sayi wuta, a tsakar gida ake lissafi, yaro ɗan makaranta ya karanta da ƙarfi kowa na ji, kuma ba ɗana ba, kowane wata ɗan wani ɗaki. Shara da wankin bayi ma suna bayan littafin. Littafin nan ya yi baƙi da manja, yana rataye a ƙusa kusa da mita. Tun da aka fara haka ban ƙara jin an ambaci uwar wani a kan wuta ba.

Faɗan yara kuma doka ɗaya ce: uwa ba ta shiga wa ɗanta. Idan nawa ya doki naki, ke za ki kawo min, ni zan hukunta shi a gabanki. Idan kika rama da hannunki, ke ce da laifi ko da ɗanki ne da gaskiya. Mata da yawa ba sa son wannan, sai an yi ta fama.

Adashinmu ma da gangan muka cakuɗa shi. Matar Bakusashe da matar Bamamprushe suna zubi ɗaya. Duk lokacin da labari ya zo daga Bawku, fuska takan canza kwana biyu, gaisuwa ta gajarce. Amma wadda kike jiran ɗaukarki daga hannunta ƙarshen wata, dole ki ce mata ina kwana. Na gaya musu a fili, abin da ya faru a Bawku mu yi masa addu'a, wadda aka yi wa rashi mu je ɗakinta mu zauna, amma ba a sauke min shi a bakin famfo.

Sai waya. Ku maza ba ku san abin da ke yawo a WhatsApp na mata ba. Murya ce kawai, ba suna ba fuska, mace tana kuka tana cewa an kashe mana mutane a wuri kaza, ku tura wa duk Musulmi. A ƙungiyarmu ta biki da suna na ce duk wadda ta turo irin wannan sai ta faɗi wanda ya gani da idonsa. In ba ta sani ba, ta goge, ta zuba tarar sidi biyar a asusu. Da kuɗin tarar muka sayi kujeru.

Ranar da aka ce samari su fito, lokacin yaran nan bakwai na zango da 'yan sanda suka harbe, ɗana na biyu ya shigo yana huci yana neman makullin babur. Makullin yana haɓar zanena, na ɗaure. Ya yi rantsuwa, ya buga ƙofa, ya yi kuka, don ya san biyu daga cikinsu. Na ce ka yi kukanka a nan, ni ma ina yi. Na zuba masa tuwo bai ci ba. Bai fita ba dai har magariba. Duk uwa ta san inda ɗanta ke ajiye makulli.

Ɗan Bes, Asawase:

Baba Alhaji da Mma, Allah ya ƙara girma. Ba rashin kunya zan yi ba, amma ku bar ni in faɗi namu, don kullum a kanmu ake magana, ba a tambayarmu.

Tunda Mma ta taɓo yaran nan bakwai: a watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe su a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce babu shaidar cewa 'yan fashi ne, aka biya iyalansu diyya. To da kowa ya zauna a ɗaki makulli na haɓar zane, da an kafa kwamitin? Tambaya ce, ba gardama ba. Ban ce a ƙona taya ko a fasa motar wani ba. Amma mu a bes, wato majalisarmu ta samari, abin da muka gani shi ne, idan aka ce mana "ku yi haƙuri" ba a ce "ga inda za mu kai kukan, ga ranar da za mu dawo muku da amsa" ba, haƙurin ba ya kwana. Dattijon da yake son samari su ji maganarsa ranar fitina, sai sun taɓa ganinsa ya sa babbar riga ya je ofishin 'yan sanda ya tsaya wa yaron da aka kama ba gaira ba dalili.

Kuma a yi min afuwa, Baba, wasu iyayenmu su suka zubar da bakinsu. Ɗan siyasa ya kawo buhun shinkafa da azumi, a karɓa a yi masa addu'a, alhali an san shi ne yake ba yara sidi hamsin da man babur su je su tsaya masa a rumfar zaɓe. Gobe wannan dattijon ya ce min kada in bi ɗan siyasa? Bayan abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a farkon 2019, majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan daban siyasa, ɗaurin shekara 10 zuwa sama. Wa kuke jin zai yi shekara goman? Ba mai shinkafar ba ne.

Yanzu abin da tela ya tambaya, me muke yi. Bes ɗinmu benci uku ne a ƙarƙashin rumfar kwano, da kurfot da butar ataya. Muna da 'yan jam'iyyar NDC muna da 'yan jam'iyyar NPP, gardama har jijiyar wuya. Amma ba a kafa tutar kowa a rumfar, ba a manna hoton kowa. Wanda ya kawo kuɗin ɗan siyasa, nasa ne, ba ya shiga asusun bes. Wanda ya sha tiramol kada ya zauna mana ran nan, ya je ya dawo hayyacinsa, don duk faɗan da na taɓa gani da wuƙa a unguwar nan akwai ƙwaya a ciki.

Na biyu, ɓarawo. Da an yi ihun "ɓarawo" kowa sai ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Tun da aka kashe sojan nan Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi a 2017 bisa zaton ɗan fashi ne, muka ce mu dai a layinmu ba za a yi ba. Idan an kama mutum, ƙartinmu huɗu su kewaye shi, su ba jama'a baya, a jefa shi a pragya sai caji ofis. Kai ne za ka sha dukan da aka yi niyya dominsa, ni kafaɗata har yau tana tuna min in sanyi ya zo. Akwai wanda muka kai haka ashe mai taɓin hankali ne, ya ɓace wa danginsa daga Tafo.

Muna so mu haɗa ƙwallo da samarin Ash Town, unguwar mutanen Asante, don wasu cikinmu ba su taɓa zama da su ba sai dai a yi kallon-kallo a tasha. Wanda zai shige mana gaba ne babu.

Malama daga Nima:

Sallama daga Accra. Ina koyarwa a firamare, kuma ina goyon bayan ƙanena na Asawase a kan abu ɗaya: wanda bai tsaya wa mutane ba, ba zai iya tsayar da su ba. Abin da ya sa Babban Limamin Ghana Sheikh Usman Nuhu Sharubutu yake cewa a zauna a zauna ke nan. A 2012 da aka tono gawar limami a Hohoe gari ya kama da wuta, da kansa ya je. A farkon 2019 da wani fasto ya ce Malam zai mutu cikin shekarar, samari suka je suka yi ɓarna a cocinsa, Malam ya tsawata wa namu ne, ya ce ya yafe. Watanni kaɗan bayan haka, yana cika shekara ɗari, ya shiga cocin Christ the King lokacin Ista ya zauna. Wasu sun yi ta surutu a kai, na sani.

Mu a nan abin da muke sha duk shekara shi ne lasifika. Kafin bikin Homowo sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni. A ƙarshen shekarun 1990 an sha artabu a kan haka tsakanin samarin Ga da wasu coci-coci. Ladaninmu tsoho ne, shi da kansa yake rage murya idan lokacin ya zo, yana cewa ƙasarsu ce, kakanninsu suka ba kakanninmu wurin zama. Ba wanda sallarsa ta ɓaci.

Abin da ba wanda ya taɓo kuwa shi ne namu na cikin gida. Tijjaniyya da Ahlussunna, ku a Kumasi kun fi ni sanin abin da aka yi a shekarun baya. A ajina nakan ji yaro ɗan shekara tara yana ce wa ɗan'uwansa kafiri ko ɗan bidi'a, a gida ya ji, ko a wa'azin dare da aka juya lasifika tana kallon masallacin wasu. Idan na ji, ba na dukan yaron, uwar nake kira.

Tela, shawarata ga kwamitinku ƙarama ce. Ku sami lambobin waya tun yanzu: asembiliman (kansilan unguwa), shugaban 'yan sandan yankinku, faston cocin da ya fi kusa da ku, mai magana da yawun sarkin gargajiyar wurin, da ofishin Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa na yankin Ashanti, wadda doka ta kafa tun 2011 kuma da yawanmu ba mu san ana kai mata ƙara ba. Kada ku tsaya ga lamba, ku je ku gaishe su su san fuskarku. Ranar da abu ya tashi ba a ɗaukar baƙuwar lamba.

Telan Aboabo:

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Mma, littafin nan zan kwaikwaya tun daga gidanmu, sai dai keken ɗinkina na lantarki ban san maki nawa za su ɗora masa ba, ina jin sai na rantse. Ɗan Bes, maganarka ta shinkafa zan faɗe ta a zaman, amma sai na nemo mata riga tukuna, don wasu masu karɓar suna cikin kwamitin.

Baba Mai Goro:

Ɗan Bes, jikana, ba ka yi rashin kunya ba. Amma ba duka muke karɓa ba, akwai waɗanda ake sauke musu buhu a zaure su sa a mayar da shi mota, ku dai ba kwa nan lokacin. Maganar zuwa caji ofis kuwa, duk yaron da aka kama bisa zalunci a zo a tashe ni ko tsakar dare ne, amma wanda aka kama da wayar mutane a aljihu kada a zo min.

Ƙwallonku ni zan shige gaba. Jikan mutumin nan da ya riƙe wa baffana rumfa yana Ash Town, yana da shagon kayan gini, samarin wurin suna jin maganarsa. Ka zo ka same ni bayan la'asar ranar Juma'a mu je tare, ka sa riga mai hannu, kada ka zo min da wandon nan da gwiwa ke waje. Ƙwallo da ruwan sha ni zan saya. Alƙalin wasa kuma kada ya zama ɗan zango, kada ya zama ɗan Ash Town, ku nemo ɗan Frafra.